Tafinta a Cocin Yendi

Ni ɗan gida biyu ne. Mahaifina Bahaushen Salaga ne, musulmi, jikan fataken goro. Mahaifiyata kuwa 'yar Kusasi ce daga Bawku, kirista. Ya rasu ina ɗan shekara huɗu, sai Mma, haka muke kiranta, ta goya ni ta koma garinsu. A coci na tashi. Amma duk hutun makaranta sai ta saka ni a lori zuwa Salaga, wurin kakata da baffana, don kada dangin uba su ce ta sace musu ɗa. A gidan kakata na koyi Hausar da ta fi ta kasuwar Bawku cika, wadda ba ta haɗa mace da namiji a kalma ɗaya.

Da na gama kwalejin malanta aka tura ni koyarwa a wata firamare a Yendi. Ina da sabuwar amarya, ba mu san kowa ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta kai mu cocinsu, wata rumfar kwano a bayan injin niƙa. Yawancin masu zuwa baƙi ne irinmu: Konkomba, Basare, Frafra, Kusasi, da 'yan ma'aikatan asibiti daga kudu. Kowa da yarensa, Hausa ce kawai ta haɗa mu. Faston kuwa daga wajen Kumasi ya zo, Turanci da Twi yake ji, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Wanda yake yi masa tafinta an yi masa canjin wurin aiki. Ranar da fasto ya ji ina hira da wata tsohuwa a bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata ya ce Ubangiji ne ya aiko ni. Lahadi mai zuwa ina tsaye a hagunsa da makirufo a hannu.

Dole in faɗi alherinsa tun yanzu, domin da mugu ne a fili da ban sha wahalar da na sha ba. Ya san sunan kowane yaro a cocin. Na gan shi da idona a kan rufin wata gwauruwa yana buga ƙusa bayan iska ta yaye mata kwano. Ranar da naƙuda ta kama matata, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina makaranta, shi ya nemo keke mai ƙafa uku ya kai ta asibiti, ya tsaya a baranda a jiƙe har aka haifi 'yarmu. Baba muke ce masa, shi kuma Ticha yake kirana.

Aikin tafinta ba ya ba mutum damar tunani. Ya faɗi jimla, ka juya ta, kafin ka haɗiye yawu ya jefo wata. Watannin farko magana tana bi ta bakina ne kamar ruwa a famfo, ba ta barin komai. Sai da na saba da salonsa, na san inda zai ɗaga murya da inda zai yi shiru, sannan kunnena ya sami sarari ya fara jin abin da bakina yake faɗa.

Akwai wata mai ɗinki da ta daina zuwa cocinmu ta koma wani. Bayan 'yan watanni gobara ta cinye shagonta a bakin kasuwa. Ranar Lahadi fasto ya ce ta fita daga ƙarƙashin inuwar da Ubangiji ya ajiye ta, saboda haka wuta ta same ta, kuma duk mai kunne ya ji. Na juya maganar yadda ya faɗa, mutane suka girgiza kai. Ba a yi rabin awa ba ya kira wata dattijuwa daga layin gaba, wadda ba ta taɓa fashin sujada ba. Ita ma shagonta na kayan masarufi ya ƙone, a gobarar nan ɗaya, don bango guda ne ya raba su, kuma kowa a gari ya san wayar lantarki ce ta haddasa. Ya ɗora mata hannu ya ce wannan gwaji ne, Ubangiji yana gwada waɗanda yake ƙauna ne kaɗai. Wannan ma na juya.

A hanyar gida na tambayi matata yadda wuta ɗaya za ta zama bulala ga wannan, ta zama lambar yabo ga waccan. Ta ce na cika bin diddigi, ai bawan Allah yana ganin abin da mu ba mu gani. Wataƙila haka ne. In uba ya hana 'ya'yansa biyu fita, ai yana iya yiwuwa ɗaya horo ake yi masa, ɗaya kuma kare shi ake yi. Na lallashi kaina da wannan, amma abin bai kwanta ba.

Wata rana kuma bayan nazarin nassi, wata nas ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi yadda za mu gane cewa mafarkan da yake ba mu labari daga Ubangiji suke. Bai yi fushi ba. Ya tambaye ta ko ta gaskata Allah yana magana da bayinsa, ta ce i. Ya tambaye ta ko Allah yana ƙarya, ta ce a'a. Sai ya buɗe hannuwa ya ce to me ya sa take mai da Allah maƙaryaci. Aka tafa. Ni ma amsar ta burge ni, har na ƙara mata gishiri a Hausa. Nas ɗin ta sunkuyar da kai.

Sai ranar Talata ina duba littattafan lissafin 'yan ajina, na ci karo da wata yarinya da ta rubuta layin farko daidai, na biyu daidai, sannan ta tsallake na uku ta dire a kan amsa. Na ɗaga jan biro zan rubuta mata ta nuna yadda ta iso nan, sai hannuna ya tsaya. Nas ɗin ba ta ce Allah yana ƙarya ba. Tambayarta ita ce ta yaya za mu san Allah ne ya yi maganar. Wannan layin ne fasto ya tsallake, ni kuma na taya shi tsallakewa. Na zauna biro a hannu har aka buga ƙararrawar tashi. Abin da ya fi damuna shi ne ban sani ba ko da gangan ya yi, ko shi ma bai ga ramin ba.

Da matata ta sake haihuwa, Mma ta zo daga Bawku don ta taya ta jego. Ta daɗe da ciwon sukari. Tana da ƙwayoyinta a cikin wani tsohon gwangwanin madara, tana sha safe da yamma, kuma lafiyarta lau, har ruwa take ɗebowa. Zuwanta ya yi daidai da makon warkarwa da fasto ya shirya. Ta ji daɗi ƙwarai da ta ga ɗanta a gaban jama'a, ta sa zanenta mafi kyau ta zauna a layi na uku.

A rana ta huɗu fasto ya ɗaga hannuwansa biyu. Ya ce wanda ya riƙe magani a dama, ya riƙe bangaskiya a hagu, ya raba zuciyarsa biyu. Ya ce yau kowa ya zaɓa, ko likita ko Ubangiji, babu hanya ta uku. Ya ce duk wanda ya gaskata an warkar da shi, ya kawo maganinsa ya ajiye a gaban bagade. Ban so in juya wannan maganar ba. Amma yana kallona, jama'a suna jira, mai ganga ya riga ya fara taɓawa a hankali. Na faɗa. Na faɗa da kyakkyawar Hausar kakata, ban rage ko kalma ba.

Mma ba ta jin Turanci. Ta tashi, ta kwance bakin zanenta, ta fito da gwangwanin, ta taka har gaba ta ajiye shi cikin kwandon da aka tanada. Da za ta koma ta kalle ni ta yi murmushi.

A gida na same ta tana yi wa jaririn wanka. Na ce mata wataƙila ya kamata ta ci gaba da shan maganin tana kuma addu'a. Ta ɗago kai ta dube ni da mamaki.

“Ba daga bakinka na ji ba?”

“Mma, ni juyawa kawai nake yi. Maganarsa ce.”

“To kana juya abin da ba ka yarda da shi ba, a ɗakin Allah?”

Ta ci gaba da cuɗa bayan yaron.

Makonni biyu ba abin da ya same ta. Ta ce ma jikinta ya fi sauƙi. Ta tsaya a gaban ikilisiya ta ba da shaida, ni na mayar wa fasto da Turanci, aka yi rawa. A ranar na ji kunyar shakkata. Na ce ashe ni ne mai taurin zuciya, ga tsohuwa da ba ta yi boko ba ta fi ni ganin hanya.

Daga mako na uku ta fara shan ruwa kamar raƙumi, tana yawan zagayawa. Ta rame a wuya. Wani ƙarfe ya yanke ta a ɗan yatsan ƙafa wajen shanya, ciwo ɗan ƙarami, amma ya ƙi kamewa, ya fara yin baƙi. Na ce mu tafi asibiti, ta ce sai abin da Baba ya faɗa.

Na same shi da la'asar a gidansa yana gyaran sarƙar babur. Ya ba ni kujera, matarsa ta kawo ruwa. Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce warkarwa ta riga ta tabbata, abin da nake gani inuwar ciwon ce kawai, Shaiɗan yana nuna ta don a tsorata a koma baya, kuma ranar da ta sake haɗiyar ƙwaya ta mayar da kyautar da aka ba ta. Na ce, Baba, ashe ba Allah ne ya ba likita sanin ba, me zai hana a haɗa biyun. Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni.

“Ticha, wannan tambayar ba taka ba ce. Na san gidan da ta fito.”

Ya ce jinin gidan ubana bai gama sakina ba. Ya ce tun farko ruhu ya nuna masa akwai mai shakka a gidanmu, kuma ta wannan ɓarakar ce ciwon yake leƙowa. Ya tuna mini da mai ɗinki. Sannan ya kama hannuwana biyu ya yi mini addu'a, yana kuka, hawaye na gaske, suna ɗiga a kan yatsuna. Na yi masa sallama na fito. Na je da tambaya a kan ƙafar Mma, na dawo da tuhuma a kan ubana da ban ma iya tuna fuskarsa ba. Kuma wani sashe na zuciyata yana cewa, in fa gaskiya ne? In fa ni ne nake kashe ta?

A ƙarshen makon baffana yana sunan jikansa a Salaga. Na so in fasa, amma Mma da kanta ta ce in tafi, ba a yi wa dangin uba haka. Bayan an raɗa suna an watse, na bi shi rumfarsa a kasuwar doya, inda ake loda wata mota mai zuwa kudu. Ban yi niyyar gaya masa ba. Ina tsoron ya ce ga abin da bin coci ya jawo, in dawo addinin ubana. Amma ya ga fuskata, ya matsa, na kwashe duka na faɗa.

Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni, in ta warke me faston zai ce. Na ce zai ce addu'arsa ce. In ba ta warke ba fa? Na ce zai ce bangaskiyarmu ce ta gaza. In ta mutu? Na ce wataƙila zai ce Ubangiji ya kira ta gida.

“To, ɗana, wace rana ce ke nan za a wayi gari a ce shi ya yi kuskure?”

Na juya tambayar ta kowane ɓangare, ban sami ranar ba.

Ya ce kada in ɗauka cocinmu kaɗai ke da irinsu, su ma suna da su. Ya ba ni labarin wani malami da ya taɓa sauka a unguwarsu yana ba 'yan kasuwa laya ta tsarin hanya. In mota ta isa lafiya, laya ce. In ta faɗi, to mai kaya ya karya ɗaya daga cikin sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan suna da yawan da ba mai iya kiyaye su duka. Ya ce shi kansa ya ɗaura layar shekara biyu. Na tambaye shi ko malamin ya san ƙarya yake yi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa, shi dai ya kwance layar ya sayi sababbin tayoyi. Sannan ya ce in bar wannan muhawarar, in koma in kai matar wansa asibiti ko tana so ko ba ta so.

Ban kai ga yin hakan ba. Washegari da safe ina tasha ina jiran mota ta cika, matata ta kira ni a waya. Mma ta faɗi a tsakar gida ba ta motsi. Matata ta rasa wanda za ta kira sai fasto. Shi ya zo a guje, ya bar jama'a suna jiransa a coci, ya sungume ta ya kai ta asibiti. Bai tsaya yin wa'azi a kanta ba, bai ce a jira ba.

Da na iso na tarar da shi a kan benci a baranda, rigarsa ta Lahadi duk ta ɓaci. Ya tashi ya rungume ni. Duk maganganun da na shirya a cikin mota suka watse. Likita ya yi mini faɗa sosai a kan barin maganin, na tsaya na sha, ban ce ga wanda ya sa ba. An yanke mata yatsu biyu. Ta yi kusan wata a kwance.

Lahadin da ta biyo bayan faɗuwarta na hau gaba kamar kullum. Fasto ya fara da labarin Mma. Ya ce Shaiɗan ya nemi ranta, amma addu'a ta tsaya masa a hanya, bai sami komai ba sai yatsu biyu. Na juya wannan. Sai ya ce da gidan sun tsaya da zuciya ɗaya, da ko farce ba za a rasa ba. Ya yi shiru yana jirana. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya maimaita. Ina so in ce na yi wani jawabi na jarumta, amma ban yi ba. Tari na ƙirƙiro, na nuna maƙogwarona, na miƙa makirufo ga wani dattijon ikilisiya, na fita waje na tsaya kusa da injin niƙa har aka tashi.

Cikin makon na je na ce masa aikin makaranta ya yi mini yawa, ya nemi wani tafintan. Ya ce ba komai, ya sa mini albarka. Bayan mako biyu matata ta dawo daga coci ta ce ya yi wa'azi a kan waɗanda suka ci a akushinsa suka juya baya. Bai ambaci suna ba, bai kuma bukaci ya ambata ba. Mutanen da muke cin abinci tare suka fara gaishe ni daga nesa. Matata ta ci gaba da zuwa har wasu watanni, don a can ƙawayenta suke, kuma ba ta manta ranar ruwan nan da ya kai ta asibiti ba. Ban hana ta ba. Ni ma ban manta ba.

Na koma wata tsohuwar majami'a a ɗaya gefen gari, ina zama a baya. Ban bar addu'a ba, sai dai na daɗe ban iya cewa amin da sauri ba. Wani lokaci ina jin na tsira daga wani abu, wani lokaci kuma ina jin kamar na yi asarar abin da ba zan sake samu ba, irin ɗumin nan da nake ji a ƙirji idan dukan rumfar ta ɗauki waƙa ɗaya. Nas ɗin nan na haɗu da ita a kasuwa, na ba ta haƙuri a kan gishirin da na ƙara ranar. Ta yi dariya ta ce ita har yanzu tana zuwa, tana ɗaukar abin da ya yi mata, tana barin sauran. Na kasa gane yadda ake yin haka.

Mma ta koma Bawku. Tana tafiya da ɗan ɗingishi, tana shan maganinta, ƙanwata tana lura da ita. Da na kai mata ziyara lokacin girbin albasa, na yi ƙoƙarin bayyana mata abin da na gano. Na kawo mata maganar gobara, na kawo tambayar baffa. Ta saurare ni har ƙarshe tana ɓare gyaɗa. Ta ce duk ta ji, amma ita abin da ta sani shi ne mutumin nan ya ɗauke ta a hannunsa kamar jaririya, kuma laifin nata ne, bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Na ce to me ya sa take shan maganin yanzu. Ta ce don kada in sake yin fuskar da ta gani a asibiti.

Da zan tafi ta sa aka ɗaura mini rabin buhun albasa a bayan mota, ta ce in kai wa Baba Fasto, in ce tana gaishe shi. Buhun ya kwana biyu a bakin ƙofarmu a Yendi. Matata ta ce in ba zan iya ba ita za ta kai. A rana ta uku bayan an tashi makaranta na ɗaura shi a babur na tafi. Ba ya gida, ya je duba wani mara lafiya a ƙauye. Matarsa ta karɓa, ta yi godiya, ta tambayi ƙafar Mma da yara. Ta ce in zauna in jira shi, ba zai daɗe ba. Na ce ina da littattafan da zan duba, na tayar da babur.